Badujala: Tarihin Kayan Busa na Tagulla daga Filin Fareti zuwa Zauren Okestira

Badujala ƙungiya ce ta masu busa da kiɗa wadda akasarin kayanta na tagulla ne, ana haɗa su da ganguna, kuma an tsara ta don ta yi wasa a fili, sau da yawa tana tafe. Bahaushe ya fi saninta a faretin soja da na 'yan sanda da na 'yan makaranta. A Turai da Amurka rassanta uku ne: ta soja, mai haɗa tagulla da kayan busa na katako irin su kilarinet, ta tagulla zalla, wadda ta yi kaka-gida a garuruwan ma'aikata na Ingila, da ta 'yan maci ta makarantun Amurka. An daɗe ana yi mata kallon 'yar bora a gefen okestira, babbar ƙungiyar makaɗa mai zama a zaure da tarin goguna. Tarihi bai goyi bayan wannan kallo ba. Wasu daga cikin kayan tagullar da okestira ke taƙama da su a yau, domin 'yan badujala aka ƙera su, kuma a bakinsu aka gwada su kafin su shiga zaure.

Ƙaho kafin bawul

Duk abin busa na tagulla bututu ne kawai. Leɓen mai busa ne ke yin sautin, yana karkarwa a bakin bututun. Tsawon bututu shi ke yanke muryoyin da za a samu, kuma muryoyin ba a jere suke ba: na ƙasa suna da tazara mai faɗi, sai an hau sama sosai suke matsowa kusa da juna. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ji kakaki ya san haka, domin duk tsawonsa muryoyi ƙalilan yake bayarwa. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), kuma danginsu ɗaya da nafir na Maroko da tsohon turampet na Turai. Matsayinsu ma ɗaya ne, kayan sarauta ne. A 1623 Sarkin Daular Roma Mai Tsarki, Ferdinand II, ya bai wa ƙungiyar masu busa turampet da masu tambura gata na musamman, ya zama ba kowa ke da ikon busa shi ba, kuma ba a ko'ina ba.

Gwanayen wancan zamani sun kauce wa matsalar tazara ta hanyar zama a can saman murya. Da bututu mai tsawon kusan mita 2, ba rami ba maɓalli, suka iya busa abin da Johann Sebastian Bach ya rubuta a kiɗansa na Brandenburg na biyu (1721), wanda har gobe yake sa ƙwararru gumi. Zuwa zamanin Haydn da Mozart wannan gwaninta ta dusashe. Turampet biyu suka koma bayan okestira kusa da tambura, suna jiran inda kiɗa ya yi ƙarfi su ƙara masa armashi da muryoyi uku ko huɗu. Masu busa hon, naɗaɗɗen ƙahon da ya fito daga farautar manyan Faransa, suna yawo da guntayen bututu daban-daban, a cire wannan a sa wancan idan kiɗa ya sauya mazauni. Wajen 1750 Anton Joseph Hampel na Dresden ya yaɗa dabarar cusa hannu cikin bakin hon don cike giɓin, sai dai muryar da aka samu ta haka a shaƙe take fita.

Turombon ne kaɗai ba shi da wannan ciwo, saboda tun ƙarni na 15 yake da bututu mai zamewa, a tsawaita a gajarta. Amma an ɗauke shi kayan coci, sai jefi-jefi a opera idan ana maganar lahira. Beethoven ya shigar da guda uku cikin Simfoni ta 5 a 1808, kuma masu busa su sai sun zauna shiru babi uku cur kafin a zo kansu.

Turkawa da juyin juya hali

Amon da ya sa badujala ta zama badujala daga Daular Usmaniyya ya zo. Rundunar Janisari tana da ƙungiyar kiɗa mai suna mehter, da zurna mai kama da algaita, da ƙahoni, da manyan ganguna, da fayafayan tagulla da ake gwarawa. Turawa sun sha jin ta a fagen fama, har a ƙofar Biyana a 1683. Cikin ƙarni na 18 sarakunan Turai suka shiga kwaikwayonta, babbar ganga da fayafayan nan suka shiga rundunoninsu, daga nan suka tsallaka zaure: Mozart a operarsa ta 1782 kan satar amarya daga gidan sarautar Turkiyya, Haydn a simfoninsa ta soja (1794), Beethoven a babin ƙarshe na Simfoni ta 9 (1824). Bayan Sultan Mahmud II ya rusa Janisari a 1826, sai abin ya juya, aka ɗauko Giuseppe Donizetti daga Italiya a 1828 ya kafa wa Istanbul badujala irin ta Turai.

Juyin juya halin Faransa ya buƙaci kiɗan da dubban mutane za su ji a fili. A 1789 Bernard Sarrette ya tara makaɗa 45 ya kafa badujalar Dakarun Ƙasa. Makarantar da aka buɗe don horar da 'yan wannan ƙungiya ita ce ta rikiɗe a 1795 ta zama Kwalejin Kiɗa ta Paris, inda Berlioz da Debussy da Ravel suka yi karatu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai raina badujala ya sake tunani.

Kayan da suka ɓace a hanya

Tsakanin tsohon ƙaho da na yau an yi wasu kayan busa da suka yi tashe na ɗan lokaci suka kwanta. Wanda ya fi daɗewa shi ne wanda Faransawa suka laƙaba wa suna maciji saboda lanƙwashe-lanƙwashensa. Ana danganta ƙirarsa ga wani malamin coci na Auxerre, Edmé Guillaume, wajen 1590. Da katako ake sassaƙa shi a rufe da fata, tsawon bututunsa kusan mita 2 da rabi, ramukan yatsu shida, amma da leɓe ake busa shi kamar turombon. Aikinsa na farko shi ne riƙe wa mawaƙan coci murya. Daga baya sojoji suka ɗauke shi don ba su da wani abu mai kauri a ƙasa. Ramukansa an huda su ne inda yatsu za su kai, ba inda lissafi ya nuna ba, shi ya sa daidaita muryarsa ya dogara kacokan ga kunnen mai busa. A hannun gwani yana da taushi da ɗumi. A hannun ɗan koyo kuwa ya jawo wa kansa zagin da ya bi shi har cikin littattafai.

Sai aka gwada maɓallai irin na kilarinet. Anton Weidinger na Biyana ya sa su a turampet, Haydn ya rubuta masa shahararren kiɗansa a 1796. Joseph Halliday, shugaban wata badujalar soja a Ailan, ya yi rajistar begila mai maɓallai a 1810, kuma ita ce ta fara bai wa tagulla damar jan waƙa daga farko har ƙarshe a fili. A 1817 maƙerin Paris Jean Hilaire Asté, wanda aka fi sani da Halary, ya ƙera babbar yayarta mai kaurin murya, ofikilaid, doguwa, a tsaye ake riƙe ta, da maɓallai tara zuwa goma sha biyu. Berlioz ya yi amfani da ita tare da maciji a rubutun farko na Symphonie fantastique (1830), inda suke busa tsohon taken jana'izar coci. Mendelssohn ya sa ta a Elijah (1846). Yau tuba ake bai wa waɗannan layuka, kuma an yi hasara a nan, domin tuba faɗi gare ta da laushi, ofikilaid kuwa siririya ce mai kaifi da ɗan kaushi, kuma wannan kaushin mawallafan suka ji a kunnensu lokacin da suke rubutu. Tun daga shekarun 1970 aka fara farfaɗo da su. Christopher Monk ya koma sassaƙa maciji a Ingila, kuma a 1991 John Eliot Gardiner ya naɗi Symphonie fantastique da kayan zamaninta.

Bawul

Maganin da ya ɗore ya fito ne daga hannun ƙananan makaɗa biyu a ƙasar Furusiya. Heinrich Stölzel mai busa hon ne da ya yi aikin soja. A 1814 ya rubuta wa Sarki Friedrich Wilhelm III cewa ya samo hanyar da hon zai ba da kowace murya. Friedrich Blühmel kuma ɗan badujalar masu haƙar ma'adinai ne a Silesiya, shi ma ya ce dabarar tasa ce. A 1818 aka ba su rajistar haɗin gwiwa ta shekara goma.

Dabarar mai sauƙi ce. Idan aka danna bawul, iska takan ratse ta bi wani ƙarin guntun bututu kafin ta dawo hanya, sai kayan ya ƙara tsawo nan take, murya ta sauka. Bawul na farko yana saukar da ita mataki ɗaya, na biyu rabin mataki, na uku mataki ɗaya da rabi. Da yatsu uku mai busa ya mallaki tsawo bakwai a bututu ɗaya, giɓin ya cike. François Périnet na Paris ya kyautata ƙirar a ƙarshen shekarun 1830, kuma irin tasa ce ke jikin yawancin turampet na yau.

Badujalolin soja suka rungumi bawul ba da ɓata lokaci ba, okestira kuwa ta ja ƙafa. Wilhelm Wieprecht, wanda ya zama shugaban makaɗan dogaran sarkin Furusiya, shi da maƙeri Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar tuba a 1835. A shekarar ne hon mai bawul ya bayyana a operar Halévy, La Juive. Duk da haka Brahms ya rubuta kiɗansa na hon da goge da piyano a 1865 yana nufin tsohon hon, kuma Kwalejin Paris ba ta saki tsohon ba sai farkon ƙarni na 20. Masu jan ƙafar suna da hujja, domin bambancin buɗaɗɗiyar murya da shaƙaƙƙiya wani ado ne da bawul ya shafe. Amma ba a iya tsayar da abin.

Adolphe Sax

An haifi Sax a Dinant ta Beljiyam a 1814, ya koma Paris a 1842. Saksofon, wadda ya yi wa rajista a 1846, ita ta ɗaukaka sunansa, amma a tarihin badujala aikinsa mafi nauyi shi ne saks-hon: iyali guda na kayan tagulla, daga ƙarami mai siririyar murya har babba mai kauri, ƙira ɗaya, danna yatsu iri ɗaya. A ranar 22 ga Afrilu 1845 hukumar sojan Faransa ta shirya gasa a filin Champ de Mars tsakanin ƙungiyar Sax da ta Michele Carafa mai tsohon tsari, a gaban dubban 'yan kallo. A fili, tsofaffin kayan katako suka ɓace cikin iska, na Sax suka cika wuri. Sojan Faransa ya karɓi tsarinsa. Nasarar ba ta ba shi hutu ba. Maƙeran Paris suka yi masa taron dangi a kotu shekara da shekaru, ya karye sau uku, ya rasu a 1894 ba shi da komai.

Abin da okestira ta ara

Zaman tagulla a okestira ya daidaita a kan hon huɗu, turampet biyu ko uku, turombon uku, tuba ɗaya. Rabon aikin bai zama ɗaya ba. Hon kusan kullum cikin aiki yake, mai tuba kuwa a Simfoni ta 9 ta Dvořák muryoyi 14 kacal aka rubuta masa, duk a babi na biyu.

Waɗanda suka faɗaɗa wannan sashe mutane ne da kunnensu ya saba da fili. Berlioz ya girke ƙungiyoyin tagulla huɗu a kusurwoyi huɗu a kiɗansa na matattu (1837). A 28 ga Yuli 1840 ya jagoranci makaɗan soja kusan 200 a ƙafa cikin titunan Paris suna busa Grande symphonie funèbre et triomphale, don rakiyar gawarwakin waɗanda suka mutu a juyin 1830 zuwa dandalin Bastille. Simfoni ce cikakkiya da aka rubuta wa badujala mai tafiya. Wagner ya ziyarci shagon Sax a 1853, daga baya ya sa aka ƙera masa wani abu tsakanin hon da turombon domin Der Ring des Nibelungen, wanda aka nuna cikakke a Bayreuth a 1876. Ana kiransa tubar Wagner. Huɗu ake busawa tare, kuma masu hon ne ke ajiye nasu su ɗauke su. Bruckner ya ba su layin makoki a babi na biyu na Simfoni ta 7, wanda yake kan rubutawa lokacin da labarin rasuwar Wagner ya iso masa a Fabrairu 1883. A duk abin da aka rubuta wa tagulla, da wuya a sami wuri mai ratsa zuciya kamar wannan. Verdi ya sa an ƙera dogayen turampet miƙaƙƙu don Aida, wadda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, kuma ya fi son cimbaso, turombon mai bawul da kaurin murya, a kan tuba.

Mahler ya tashi a Iglau kusa da barikin soja, kuma begila da taken maci ba su taɓa fita daga kiɗansa ba; Simfoni ta 5 da turampet ɗaya tilo take buɗewa. Carl Nielsen na Denmak ya shiga badujalar soja a Odense yana ɗan shekara 14. Mahaifin Charles Ives shugaban badujala ne a yaƙin basasar Amurka. Gustav Holst da busa turombon ya ci abinci kafin ya yi suna.

Ma'aikata da 'yan makaranta

A Ingila da Wales bawul ya gamu da masana'antu. Kayan suka yi araha, ana sayar da su biya kaɗan-kaɗan, kuma hannun da gatari ko masaƙa ta kausasa, wanda ba zai iya da goge ba, yana iya danna bawul uku. Masu kamfanoni da ƙungiyoyin yaƙi da shan giya suka kafa badujaloli. A 1853 aka fara gasar Belle Vue a Manchester, 'yan Mossley suka ciri tuta da sababbin saks-hon. Black Dyke Mills, ta wata masaƙa a Queensbury, an kafa ta a 1855 kuma tana nan har yau. Tsarin ya tsaya a kan masu busa 25 da masu ganga, kuma kusan dukkansu rubutu iri ɗaya suke karantawa, don haka mai konet, ƙaramin ƙaho mai kama da turampet, zai iya komawa kan babban ƙaho cikin 'yan makonni. Da farko guntayen opera suke busawa, kuma ta bakinsu mahaƙin gawayi da bai taɓa shiga zaure ba ya ji Rossini da Verdi. Daga baya manyan mawallafa suka rubuta musu nasu na kansu: Holst a 1928, Elgar a 1930.

A Amurka, badujalolin yaƙin basasa suna amfani da ƙahonin da ake ɗorawa a kafaɗa bakinsu na kallon baya, don sojojin da ke biye su ji. John Philip Sousa (1854–1932) ya shugabanci badujalar sojan ruwa ta Marine daga 1880 zuwa 1892, sannan ya kafa tasa, ya rubuta taken maci 136. Da sunansa aka kira susafon, tubar da ake sanyawa a jiki don a iya tafiya da ita. A New Orleans badujalolin Baƙar fata masu rakiyar gawa da bukukuwa su ne tushen jaz, kuma a badujalar gidan horon yara Louis Armstrong ya sami horon konet a 1913. Jami'o'i suka mayar da maci wasan kallo a hutun rabin lokaci na ƙwallon Amurka. Badujalar Jami'ar Florida A&M, wadda William P. Foster ya jagoranta tun 1946, an gayyace ta faretin cikar juyin Faransa shekara 200 a 1989.

Sukar da ake yi wa badujalar maci sananniya ce: ƙara ta yi yawa, taken duk tafiyarsu ɗaya, kuma a filin wasa ido ya fi kunne morewa. Akwai gaskiya a ciki. Mai tafiya ba zai iya sassauta murya yadda mai zama zai yi ba, kuma iska tana cinye duk wani abu mai laushi. Sai dai riƙe daidaiton murya da na lokaci tsakanin mutum ɗari da suka bazu a fili, inda sauti ke isa kunne a makare, horo ne mai tsanani wanda zaure ba ya koyarwa. Taken maci mai kyau kuma yana da layuka uku ko huɗu masu tafiya tare, kowanne da nasa daɗi. Holst ya nuna iyakar abin da badujalar soja za ta iya da kiɗansa na 1909, sannan Frederick Fennell ya kafa ƙungiyar busa ta Eastman a 1952, ya zaunar da ita a zaure, mutum ɗaya ga kowane layi.

A Afirka ta Yamma

Badujala ta sauka gaɓar tekun Afirka ta Yamma tare da sojojin mulkin mallaka da 'yan mishan. A Cape Coast, matasan Fante da suka ji makaɗan Rundunar Indiya ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19 suka ɗauki kayan suka ɗora musu kiɗan gida, aka sami adaha, ɗaya daga cikin tushen hailaif. E. T. Mensah na Gana da Victor Olaiya na Najeriya duk da turampet suka yi suna. A Kwatano, ƙungiyar Gangbé da aka kafa a 1994 ta haɗa tagulla da gangunan gargajiyar Benin ta zagaya duniya. A Najeriya, barikin soja da na 'yan sanda sun daɗe suna cikin manyan wuraren koyon karatun kiɗa a rubuce. Benedict Odiase, shugaban badujalar 'yan sandan Najeriya, shi ne ya tsara kiɗan taken ƙasar da aka yi amfani da shi daga 1978 har zuwa Mayu 2024.